Na biya an yi mini shafi, amma Google bai san da ni ba

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani a taimaka mini da shawara. Ina sana'ar turaren wuta da humra a gida, nan Unguwan Dosa, shekara 6 ke nan. Kafin azumi wani yaro ya yi mini shafin intanet, na ba shi naira dubu 120, ya ce duk wanda ya nemi turaren wuta a Google ni zai fara gani. Yau wata 5. Jiya na karɓi wayar ƙanwata na rubuta "turaren wuta Kaduna", na yi ta ja ƙasa har na gaji, ban ga kaina ba. Shafin kuwa ya yi kyau masha Allah, a kwamfutarsa ya nuna mini, har da bidiyon hayaƙi na tashi daga kasko. Da na kira shi sai ya ce in ƙara dubu 50 ya yi mini wani abu wai SEO. Gaskiya ne, ko in haƙura? Ga likau ɗin nan na saka.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Maman Ilham, da kin tambaye ni tun farko da ban bari kin kashe kuɗin nan ba. Shekarata nawa ina sayar da atamfa da leshi a Kasuwar Barci, ko mutum ɗaya bai taɓa cewa a Google ya gan ni ba. Ni dai WhatsApp da Instagram, alhamdulillah. In na ɗora kaya da safe, kafin la'asar an kwashe.

Sadiya: Anti Maman Ilham na danna yanzu. Ina Rigasa, wayata itel ce. Fari fat allon ya tsaya, na ƙirga har 20 kafin wani abu ya fito, shi ma rabin hoto. Da ya gama buɗewa sai wani akwati ya rufe komai wai in saka imel ɗina, alamar rufe shi kuma ta fita gefen allo, ban iya taɓa ta ba. Na fita kawai.

Maman Ilham: Innalillahi. Ni a wayata yana buɗewa fa.

Bashir: Hajiya, yana buɗe miki da sauri ne saboda wayarki ta riga ta ajiye hotunan tun ranar farko, ba ta sake sauke su. Baƙo kuwa daga tushe yake ɗauko komai. Abin da Sadiya ta gani shi ne abin da mai sayenki yake gani.

Wannan aikina ne, bari in ɗan yi bayani. Abin da ake kira SEO ba wani maɓalli ba ne da ake biya a danna. Gyara ne ake yi wa shafi don injin bincike ya gane abin da ke ciki, ya kuma ga ya cancanci ya nuna wa mai nema. Kuskuren farko da aka yi miki shi ne an gina shafin a kwamfuta, an gwada a kwamfuta, an nuna miki a kwamfuta. Google kuma ba ta nan yake dubawa ba. Tun Afrilun 2015 ya fara fifita shafukan da suka dace da waya ga masu bincike ta waya. A 2018 ya fara karanta shafuka da idon waya kafin na kwamfuta, a ƙarshen 2023 ya sanar cewa ya kammala wannan sauyi. Ma'ana, na'urar da yake aikowa ta karanta shafinki tana zuwa ne a matsayin waya. Abin da bai fito a waya ba, kamar babu shi.

Na buɗe naki. A fuskar farko kaɗai akwai hotuna 18, an ɗora su yadda kyamara ta ɗauke su, kowanne ya kusa megabait 4. Ki lissafa, sama da megabait 70 ke nan, ba a sa bidiyon hayaƙin ba. Wadda ta sayi datar naira 200 don ta leƙa WhatsApp, shafinki kaɗai zai cinye mata wani kaso mai yawa. Balle tun da aka ƙara kuɗin data a farkon 2025 kowa lissafi yake yi. Hotunan nan za a iya matse kowanne ya dawo kilobait 100 ko ƙasa, a mayar da su nau'in WebP, wani tsarin hoto marar nauyi, a waya ba wanda zai ga bambanci.

Akwatin da ya tare Sadiya ma laifi ne mai zaman kansa. Tun Janairun 2017 Google ya ce shafin da ke rufe wa mai waya fuska da irin wannan yana iya yin ƙasa a bincike. A cire shi yau. Wa ma zai ba ki imel a kan humra?

Alhaji Tanimu: Bashir, duk na karanta. Amma ni tambayata ɗaya ce. Shekara 30 ina Panteka ina harkar ƙarfe da ƙofofi. Wanda zai sayi ƙofa zuwa yake ya ƙwanƙwasa ta ya ji kaurinta. Turare ma ai sai an shaƙa. Google zai shaƙa mata ne?

Bashir: Allah ya ƙara girma Baba Alhaji, ba zai shaƙa ba. Amma ku duba wanda aka yi wa canjin aiki daga Legas ko Fatakwal, yana gini a Millennium City, bai san kowa a Panteka ba. Wayarsa zai ciro ya rubuta abin da yake nema. In ya ga sunanku da lamba da hoton aikinku, ku zai zo ya ƙwanƙwasa wa ƙofa. In bai gani ba, na kusa da ku zai samu.

Alhaji Tanimu: To wannan kam akwai ƙamshin gaskiya. Akwai wani yaro a layinmu, bai kai ni kaya ba, amma kullum sai ka ga baƙi suna tambayar shagonsa da waya a hannu.

Usman mai gyaran waya: Taswira ce Baba. Ni abin da zan ce ke nan tun ɗazu. Malam Bashir, ba na musun maganarka, amma ina ganin ka fara da abu mai wahala. Ni ba ni da shafin intanet ko ɗaya. Abin da na yi kawai, na yi wa shagona rajista a Google Business Profile, wato inda ake sa shago ya fito a taswirar Google, kyauta ne, na sa suna, lamba, lokacin buɗewa da rufewa, hoton ƙofar shagon daga titi yadda mutum zai gane ta. Ina kan Ahmadu Bello Way. Matafiyi ya sauko daga jirgin Abuja a Rigasa, gilashin wayarsa ya fashe, ya nemi mai gyara kusa da shi, sai ga ni a taswira da maɓallin kira. A sati ba na rasa mutum biyu ko uku da za su ce ta nan suka same ni. Kuma idan mutum ya yi bincike a waya, taswirar ce ke fitowa sama, shafukan suna ƙasa.

Bashir: Gaskiyarka Usman, kuma da shi ya kamata ta fara. Google da kansa ya faɗi abu uku da yake dubawa a taswira: dacewar sana'arka da abin da aka nema, kusancinka da mai nema, da kuma yadda aka san ka. Shafin yana taimaka wa na farko da na uku, shi ya sa nake so a gyara shi tunda an riga an biya.

Maman Ilham: Usman na gode, amma nan akwai matsala. A gidan aurena nake sana'ar nan. Abban Ilham ba zai taɓa yarda a sa gidansa a taswira kowa ya gani ba, ni ma ba na so. Yanayin da ake ciki ba sai na faɗa ba.

Anti Rabi: Kin ga abin da nake gudu. Mace ta sa lambarta da gidanta a fili, sai kiran banza cikin dare. Na sha gani.

Bashir: Damuwar a kan hanya take, kuma akwai mafita. Wajen rajistar akwai zaɓi na masu kai wa mutane kaya ko aiki har inda suke. In kin zaɓe shi, za ki ba Google adireshin don ya tabbatar ke ce, amma a ɓoye yake, jama'a ba za su gani ba. Abin da zai fito shi ne yankunan da kike kai kaya: Unguwan Dosa, Kawo, Malali, Unguwan Rimi, Badarawa, duk inda mai kai miki saƙo yake zuwa. Lamba kuma ki sayi layi daban na sana'a, ki sa masa WhatsApp Business, ƙarfe 9 na dare ki kashe. Amma ki fara shawara da maigidan, domin wajen tabbatarwa suna iya neman ki ɗauki ɗan bidiyo na wurin aikin da kayan. Su kaɗai ke gani, sai dai gara ya sani.

Malam Nura: Assalamu alaikum. Na jima ina bibiya. Ni abin da ya dame ni da na buɗe shafin ba nauyinsa ba ne. Hajiya, kalmar "turaren wuta" ba ta cikin shafinki ko sau ɗaya. Na duba sama da ƙasa. Komai da Turanci aka rubuta, Turancin ma irin na kamfanonin turaren Turai, ana maganar ƙamshi na alfarma da jin daɗin rayuwa. Babu humra, babu kajiji, babu hawi, babu sandal, babu turaren tsuguno, babu Kaduna. To ta yaya wadda ta rubuta "turaren wuta Kaduna" za ta same ki? Kin rataye allo a ƙofa da harshen da masu sayenki ba su nema da shi.

Maman Ilham: Wallahi Malam haka ne. Ya ce mini Turanci ya fi aji.

Malam Nura: Ajin da bai kawo ciniki ba fa? Wannan tunanin ne ya sa in ka nemi abu da Hausa a intanet sai ka ga labarai da waƙoƙi kawai, na sana'a kaɗan ne. Kuma wannan dama ce gare ki. Masu rubutu da Turanci a kan turare ba su ƙirguwa, ba za ki ture su ba. Masu bayani da Hausa mai kyau a kan bambancin turaren kaya da na ɗaki, ko yadda ake ajiye humra kada ta canja, ba su da yawa. Ki rubuta yadda kike yi wa amarya bayani in ta zo falonki. Kuma don Allah a rubuta Hausar daidai, da ƙ da ɗ da ɓ. Gboard, manhajar rubutu ta Google a waya, yana da allon Hausa, ba wani wahala.

Usman mai gyaran waya: Malam a nan zan saɓa maka kaɗan. Wayoyi nawa ke ratsa hannuna a rana, da wuya ka ga wadda aka sa wa allon Hausa. Mutane "kamshi" suke rubutawa, ba "ƙamshi" ba. In ta sa mai lanƙwasa, ba za ta ɓace musu ba?

Malam Nura: Don mutane suna kuskure sai mu bi su mu lalata rubutun? Kishi da ƙishi ɗaya ne? Ko ɓata da bata?

Bashir: Ku duka kuna da hujja, kuma abin ya zo da sauƙi a nata. Manyan kalmominta, turaren wuta, humra, kajiji, Kaduna, babu mai lanƙwasa a ciki. Su za a sa a kan shafi da kanun kowane kaya. Jikin bayanin a rubuta shi daidai yadda Malam ya ce. Inda na fi so a kula shi ne humra, don wasu "khumra" suke rubutawa, wasu "kumra". Sai a ambace su sau ɗaya cikin jimla, a ce humra, wadda wasu ke rubutawa khumra. Sau ɗaya ya isa. Kada a jera kalma sau 40 a ƙasan shafi, wannan tsohuwar dabara ce kuma Google yana ɗaukarta a matsayin maguɗi.

Turancin ma ba za a yar ba. Akwai 'yan Barnawa da Sabon Tasha da matan Abuja da ke son kayan nan, da Turanci za su nema. A yi fuska biyu, ta Hausa daban ta Turanci daban, kowacce da adireshinta, kada a cakuɗa su a layi ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ta sanin abin da mutane ke rubutawa: ki fara rubuta "turaren" a akwatin Google ki tsaya, ki ga abin da zai ƙarasa miki. Waɗannan daga binciken mutane suke fitowa. Sannan ki koma saƙonnin masu sayenki na WhatsApp, ki ga tambayoyin da suka fi maimaitawa.

Sadiya: Yaya Bashir, har da masu magana da baki. Mamanmu ba ta iya rubutun boko sosai ba, makirfon take dannawa ta yi magana. Da sai ta yi ta fama, yanzu yana jin Hausa.

Bashir: Haka ne, a ƙarshen 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan binciken murya. Mai magana kuma ba ta cewa kalma biyu, cewa take "ina ake sayar da humra mai kyau a Kaduna". Shafin da aka rubuta da Hausar baka shi zai fi dacewa da irin wannan.

Maman Ilham: Tambayar da ta fi yawa a WhatsApp ɗina ai ɗaya ce: nawa ne.

Bashir: To ki sa farashi.

Anti Rabi: A'a. Nan kam ban yarda ba ko kaɗan. Bashir kai ba ɗan kasuwa ba ne. Yau ka sa farashi, gobe kaya sun tashi a Kano, mai saye ta zo ta ce ai ga abin da kika rubuta. Ga 'yan uwan sana'a, suna gani za su rage naira 500 su janye miki mutane. Kuma ciniki ai da baki ake yi, a yi tayi, a yi albarka, a daidaita. Wadda ta tambaya "nawa ne" ta riga ta shigo hannu, in kin iya magana ba za ta fita ba.

Sadiya: Anti ki yi haƙuri, amma mu dai in muka ga "a tuntuɓe mu don jin farashi" wucewa muke. Kunya ce, kar ka tambaya a faɗi abin da ya fi ƙarfinka ka rasa yadda za ka zame.

Alhaji Tanimu: Rabi ta fi ku gaskiya a kan kaya irin nawa, ƙarfe kullum da kuɗinsa. Amma kwalbar humra ai ba ƙofa ba ce.

Anti Rabi: Alhaji kayan haɗin nata ma daga waje ake kawo wasu, dala ta motsa sun motsa.

Bashir: Sai a raba. Ta rubuta "daga naira kaza", ta sa watan da aka sabunta a gefe. Ƙananan kwalabe a sa kuɗinsu, haɗin amare na musamman a bar shi sai an yi magana. Sharaɗin dai a koya mata canja farashin da kanta daga wayarta, kada ya zama sai ta kira wani ta biya.

Anti Rabi: Ni dai ban gamsu ba, amma kayanta ne.

Alhaji Tanimu: Wata tambaya. Taurarin nan da ake ba shago a taswira, na ga na yaron layinmu sun yi yawa. Ina da yara 8 a shago, ga 'ya'ya a gida. In kowa ya shiga ya ba ni biyar ai an wuce wurin.

Malam Nura: Alhaji, da girmanka, wannan shaidar zur ce. Wanda bai saya ba ya ce ya saya ya ji daɗi, wani ya dogara da maganarsa ya kawo kuɗinsa.

Alhaji Tanimu: Astagfirullah. Ban kalle shi ta nan ba Malam. Na janye.

Usman mai gyaran waya: Kuma dokar Google ta hana, har da ba mutum ragi ko kyauta don ya yaba maka. Suna gogewa in sun gano. Ni in na gama gyara mutum ya kunna wayarsa ya ga ta tashi, a lokacin nake cewa don Allah in ka ji daɗin aikin ka rubuta a taswira, sai in tura masa likau. Wasu su yi, wasu su manta. Wani ya taɓa ba ni tauraro 2 saboda na ce masa awa ɗaya ya zama uku. Na amsa masa a wurin na ba shi haƙuri, ban yi musu ba, don gaskiyarsa ce.

Maman Ilham: To yanzu dubu 50 ɗin fa? In ba shi?

Bashir: Kada ki ba shi tukuna. Duk wanda ya ce zai tabbatar miki da matsayi na ɗaya a Google, Google da kansa ya yi gargaɗi a kan irinsu. Waɗanda kike gani can sama da alamar talla, kuɗi suke biya duk dannawa, ranar da kuɗin ya ƙare su sauka. Sauran kuma ba a sayensu. Ki fara neman abu uku a wurinsa, haƙƙinki ne: sunan shiga da kalmar sirrin shafin, shaidar cewa sunan shafin da sunanki aka yi rajistarsa, da ranar da kuɗin shekara na riƙe shafin zai ƙare. Ki yi masa magana da daɗi, wataƙila ba mugunta ba ce, iya abin da ya koya ke nan.

Sannan ki gwada wannan yanzu. A akwatin Google ki rubuta site: ki manna adireshin shafinki a jikinsa ba tazara. Zai nuna miki fuskokin shafinki da ya sani.

Maman Ilham: Na yi. Ya ce bai sami komai ba.

Bashir: Ko ɗaya?

Maman Ilham: Ko ɗaya wallahi. Na sake har sau uku.

Bashir: To ashe maganar ta wuce nauyin hoto. Na duba bayan shafin yanzu, akwai umarnin da ke ce wa injinan bincike kada su sa shi a kundinsu. Da WordPress, manhajar gina shafuka, aka gina shi, kuma a saitinsa akwai wani ɗan akwati da masu gini ke yi wa alama lokacin da suke aiki don kada a ga shafin bai kammala ba. In an gama sai a cire. Naki ba a cire ba. Wata 5 shafin yana cewa Google kada ya nuna shi.

Sadiya: Kai! Dubu 120.

Maman Ilham: Jikina ya yi sanyi. Azumi da sallah biyu duk sun wuce, lokacin da aka fi sayen turare. Ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri. Na tura masa saƙo yanzu a kan kalmar sirrin.

Malam Nura: Hajiya in kin samu, ki yi mini bayanin kayan da murya ɗaya bayan ɗaya, yadda kike faɗa wa masu saye. Zan rubuta miki Hausar, ba sai kin biya ba.

Bashir: Cire alamar minti ɗaya ne. Bayan nan sai mu haɗa shafin da Search Console, inda Google ke nuna wa mai shafi yadda yake ganin shafinsa, shi ma kyauta ne, mu nemi Google ya zo ya karanta. Kada ki sa ran gobe, yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni, hawa sama kuma ya fi haka daɗewa. Hotunan zan matse su, in cire bidiyon da akwatin imel, in sa maɓallin WhatsApp babba a inda babban yatsa ke kaiwa. Sadiya, ke za ki gwada mana daga Rigasa da wayar nan taki, da data ba da Wi-Fi ba. PageSpeed Insights, mai auna saurin shafi, zai ba mu lamba, ma'aunin Google shi ne babban abin da ke fuskar shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, amma na fi yarda da ƙirgenki.

Sadiya: Ina nan Yaya. Da yamma za mu gwada, lokacin sabis ya fi wahala a nan.

Maman Ilham: Ya amsa. Ya ce yana hanyar Zariya, in ya sauka zai turo. Ya kuma ce wai bai san da akwatin saitin ba. Abban Ilham ya ce a yi na taswirar in dai gidan ba zai fito ba, amma yana so ya gani da idonsa kafin a danna. Malam Nura, da wanne zan fara, humra ko turaren wutan?

Malam Nura: Fara da wanda aka fi tambayarki.

Maman Ilham: To turaren tsuguno ne. Bari in sallami yara makarantar allo in yi maka.